YAWAN TUNANI DA YADDA AKE JUYA AKALARSA

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da garke ya san abin da saniya take yi in dare ya yi. Takan kwanta ta dawo da ciyawar da ta haɗiye da rana, ta sake tauna ta a hankali. Wannan shi ake kira tuƙa, kuma alheri ne gare ta, domin ta haka abinci yake narkewa ya zama nono da nama. To, zuciyar ɗan Adam ita ma takan yi tuƙa, har ma daga wannan ɗabi'a ta shanu masana na Turai suka aro sunan da suka ba yawan tunani. Sai dai tuƙar zuciya ba ta narkar da kome. Mutum ya yi ta dawo da magana ɗaya, ya tauna, ya haɗiye, ya kuma dawo da ita, har asuba ta riske shi bai runtsa ba, abin da ya dame shi kuwa yana nan yadda yake.

ABIN DA YA FARU A YANKIN MUBI

Ran 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shiga garin Mubi na Jihar Adamawa. Dubban mutane suka watse, waɗansu suka nufi Yola, waɗansu suka hau duwatsu, waɗansu suka ƙetare iyaka zuwa Kamaru. An ƙwato garin cikin Nuwamba na shekarar nan, amma a Nuwamba 2017 da kuma ran 1 ga Mayu 2018 bama-bamai suka sake tashi a cikinsa, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Mutanen Sorau da Belel da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Maiha, waɗanda Mubi ce babbar kasuwarsu, su ma girgizar ba ta bar su ba.

An koma gida, an gyara rumfuna, kasuwar shanu ta sake cika. Amma akwai ɓarnar da ido ba ya gani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da aka yi tashin hankali, wajen mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larura ta zuciya, kamar baƙin ciki mai tsanani ko fargaba. Kada mai karatu na Sakkwato ko Legas ya ce wannan ba tasa ba ce. Bashi, da mutuwar aure, da karayar jari, da rashin aikin yi, duk suna iya jefa mutum cikin wannan hali.

TUNANI IRI BIYU NE

A ce wani manomi a Sorau ya yi hasarar shanun hudarsa. In ya zauna yana cewa, "Bana wa zai ara mini shanu, kwana nawa, in biya shi da me?" wannan tunani ne mai ƙofar fita, domin ƙarshensa zai tashi ya tafi wurin wani. Amma in abin da yake nanatawa shi ne, "Don me sai ni? Da na sayar da su tun bara! Ni dai ba na taɓa abu ya yi albarka," to, ya shiga ɗakin da ba shi da ƙofa. Tambayar "don me sai ni" ba ta da amsar da za ta ƙosar, shi ya sa take dawowa kullum. Mafi muni kuma, mai yin ta yakan ɗauka yana neman mafita ne, alhali kuwa tufka da warwara kawai yake yi.

Wata malama mai ilmin halayyar ɗan Adam a Amurka, Susan Nolen-Hoeksema, ta nuna illar wannan a fili. A 1989 ta auna ɗaliban Jami'ar Stanford don ta san masu ɗabi'ar nanata damuwa a cikinsu. Bayan mako biyu sai girgizar ƙasa ta auka wa yankin. Da aka sake auna su bayan kwana goma, da kuma bayan mako bakwai, sai aka tarar masu yawan saƙe-saƙen nan sun fi sauran nutsewa cikin baƙin ciki, ko da yake masifa ɗaya ce ta same su duka.

DON ME "KA DAINA TUNANI" BA YA AIKI

Nasihar da muka fi yi wa mai damuwa ita ce, "Haba, cire abin nan daga ranka." Niyyar kirki ce, amma ba safai take amfani ba. Gwada da kanka: daga yanzu har minti biyar, kada ka kuskura ka tuna da farin raƙumi. Za ka ga raƙumin ya zo ya durƙusa a gabanka. Wani masani, Daniel Wegner, ya yi irin wannan gwaji a 1987. Ya hana mutane tuna wata farar dabba, ya ce su kaɗa ƙararrawa duk sa'ad da ta faɗo musu. Ƙararrawa ta yi ta ƙara, da aka ɗage hanin kuwa sai tunanin ya daɗa yawa. Dalili shi ne, kafin zuciya ta tabbatar ba ta tuna abu ba, sai ta leƙa ta duba shi. Amma waɗanda aka ba wani abu guda takamaimai su mai da hankali kansa, watau wata jar mota, tunanin bai taso musu da irin wannan ƙarfi daga baya ba. Ashe ba a tare tunani gaba da gaba, sai dai a yi masa abin da manomi yake yi wa ruwan da ya nufo gona: a haƙa masa wata hanya.

HANYOYIN DA ZA A BI

Da fari, koyi gane shi tun yana tasowa. Yana da lokutansa: in an kwanta, in an zauna shiru bayan la'asar, in an wuce wani wuri. Da ka ji ya fara, ce wa kanka, "Ga tuƙar nan ta dawo." Sa'an nan ka tambayi kanka ko cikin 'yan mintocin nan ka matsa kusa da wata mafita. In babu, sauya tambayar. A maimakon "don me," sa "yaya," da "yaushe," da "wa zan gani." Rarrabe abin da yake hannunka da wanda ya riga ya wuce, ka ɗauki ƙarami guda daga na hannunka ka yi shi gobe da safe.

Na biyu zai ba waɗansu dariya, amma likitoci sun daɗe suna koyar da shi. Yanka wa damuwa lokacinta, kamar minti ashirin kowace rana, a wuri guda, ba dab da barci ba. In ta zo da hantsi kana tsakiyar noma, ce mata ta dakata sai lokacinta. Mai iya rubutu, da boko ko da ajami, ya rubuta ta a takarda ya ajiye. Sau da yawa in lokacin ya yi sai a tarar rabin nauyinta ya tafi.

Na uku, ba jiki aiki. Zaman kaɗaici shi ne takin wannan ciwo. Ɓarar gyaɗa cikin jama'a, saƙar tabarma, gayya, tafiya kasuwa da ƙafa, duk suna janye hankali. In kuma dare ne, ƙirji ya ɗauki bugu, shaƙi numfashi a hankali kana ƙirga uku, ka sake shi kana ƙirga uku, har jiki ya lafa.

Sa'an nan a faɗa wa wani. A ƙasar Zimbabuwe, inda su ma sunan da suke ba wannan larura ma'anarsa "yawan tunani," wani likita mai suna Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti, su saurari mai damuwa, su taimake shi ya zaɓi matsala ɗaya da matakin da zai ɗauka. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna masu zuwa benci sun sami sauƙi ƙwarai. Mu ma muna da dattawa da goggonni masu riƙe asiri. Sharaɗin dai shi ne hirar ta ƙare da abin da za a yi. In mutum biyu suka zauna kullum suna maimaita ɓacin rai ɗaya, tuƙar ce dai suke yi tare.

YAUSHE ZA A TAFI ASIBITI

In hali ya kai mako biyu mutum ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina fita aiki, ko abin da ya gani yana dawo masa kamar yanzu yake faruwa, lalle a kai shi ɗakin shan magani mafi kusa, su kuwa za su tura shi babban asibiti in akwai bukata. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira gobe. A guji neman sauƙi wurin taramol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a Mayu 2018. Sukan kashe tunani na awa kaɗan, su bar mutum da ciwo biyu. Babu abin kunya a zuwa asibiti. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai wannan larura haƙƙin a duba shi cikin mutunci, a kuma riƙe asirinsa.