Takin da ke Cikin Gidanka: Shawarwari ga Manoman Dingaya da Kewaye

Buhun takin zamani ya kai matsayin da sai an sayar da akuya kafin a ɗauko shi. Amma daga Dingaya zuwa Sara, daga Gwaram har Birnin Kudu, da wuya ka shiga gidan da babu turke, murhu da bola. Waɗannan ukun suna rage nauyi sosai in an fara shiri tun da rani.

1. Haƙa rami, ka daina barin taki a rana.
Kashin dabbobi in ya daɗe a fili, rana da iska ne ke shanye ƙarfinsa. Haƙa rami a inuwa, zurfinsa iya ƙugu, ka riƙa jera kashi, yankakken kara, ɓawon gyaɗa da sharar tsakar gida, kana yayyafa ruwa, kana juyawa duk mako biyu. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, ya yi ƙamshin ƙasa, to ya nuna ke nan; ɗanye kuwa ƙona tsiro yake yi, ya kuma kai maka irin ciyawa gona.

2. Uwargida, ki ware toka daban.
Toka abinci ce ga ƙasa, amma in ta haɗu da ɗanyen kashi sai ta kore sinadarin da ke sa ganye ya yi shar. Ki tara ta busasshiya a tsohon buhu, a barbaɗa ta ita kaɗai. Leda da mataccen batir kuma a tsince su kafin a kwashi bola.

3. Gwada jiƙon kashin shanu irin na Indiya.
A can akwai noman da ya jingina ga saniya, wanda wasunsu ke dangantawa da tsoffin littattafansu na Veda. Wani manomi daga jihar Maharashtra, Subhash Palekar, ya yaɗa haɗin da suke kira jiwamrit, kuma kayansa duk muna da su: ruwa lita 200, ɗanyen kashin shanu kilo 10, fitsarinsu lita 5 zuwa 10, mazarƙwaila kilo 2, garin wake kilo 2, da dunƙulen ƙasa daga gindin bishiya. A haɗa su a durom, a rufe shi da buhu a inuwa, a juya safe da yamma, bayan kwana biyu ko uku a zuba a jiƙaƙƙiyar gona kafin mako ya cika. Durom guda na eka guda ne. Aikinsa tayar da ƙananan halittun cikin ƙasa, don haka ba ya maye gurbin takin rami. Mai ƙyanƙyami ya tuna cewa a mazhabar Malikiyya kashi da fitsarin dabbar da ake ci masu tsarki ne, matuƙar ba ta cin najasa.

4. Ku daidaita da makiyayi tun kafin girbi.
Iyayenmu sun san wannan ciniki: shanu su ci kara, su kwana a gona, su bar taki. A ƙulla magana gaban mai unguwa, a tsayar da ranar shiga bayan an kwashe wake, don a zauna lafiya. Ka roƙi a riƙa matsar da garken bayan 'yan kwanaki, kada takin ya taru wuri guda.

5. Kada ka tumɓuke kowane kututture.
A yankin Maraɗi, tun 1983 wani mai suna Tony Rinaudo da manoman wurin suka fara abin da ake kira sassaben zamani: a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kututturen kalgo ko sabara, a sare sauran. Gawo kuwa kada ka taɓa shi. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, shi ya sa dawar gindinsa ke fin ta nesa.

6. Tuge ƙuduji kafin ya yi fure.
Tushe guda na zubar da dubban iri, kuma irin kan yi sama da shekara 10 a ƙasa yana jira. Ka ƙone wanda ka tuge, sannan ka ba wurin gyaɗa ko waken suya na damina ɗaya ko biyu: suna sa irin ya tsiro, ya rasa saiwar kamawa, ya mutu.

7. 'Ya'yan darbejiya maganin ƙwari ne.
Daka ƙwayar rabin kilo, jiƙa a ruwa lita 10 ta kwana, tace da ƙyalle, ka ɗan saka sabulu don ya kama ganye. Yi feshi da yamma, domin rana na kashe ƙarfinsa, ka maimaita duk mako tun tsutsa na ƙarama.

8. Kada ka yar da takin zamani dare ɗaya.
Gwamnatin Siri Lanka ta hana shigo da shi a Afrilun 2021, amfanin shinkafa ya faɗi, kafin shekara ta ƙare ta janye dokar. Ƙasar da ta gaji sai a hankali take farfaɗowa, saboda haka haɗa biyun: takin rami a ƙasa, NPK cikin murfin kwalbar lemo a gefen kowane ramin shuka, ba tare da ya taɓa iri ba. Bana ka ware kashi ɗaya cikin huɗu na gonarka ka gwada, in kaka ta yi ka ƙirga damin kowane ɓangare kafin ka faɗaɗa.