"Ba a Gani Ba" Daban, "Babu" Daban

Wajibi ne ɗalibin Hausa da zai yi tafinta a asibiti ya bambance waɗannan maganganu biyu. Tafintan da ya ce wa dattijo, "Baba, babu komai," ya sallame shi ke nan, da wuya ya sake dawowa.

Mu ɗauki misalin ciwon dajin furostet, wato ƙullutun naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Likita kan ba hoton MRI maki daga 1 zuwa 5. Maki 1 ko 2 na nufin ba a ga abin zargi ba. To amma binciken PROMIS na Ingila, wanda aka wallafa a 2017, ya gano cewa cikin maza 100 masu irin wannan sakamako, kimanin 11 suna ɗauke da ciwo mai haɗari.

Shi ya sa likita yakan raba adadin sinadarin PSA na jini da girman furostet ɗin. PSA 6 da girman mililita 30 sun ba da 0.2. Idan lissafin ya haura 0.15, ko kuwa mahaifi ko ɗan'uwa ya taɓa kamuwa, sau da yawa sai an ciro ɗan nama an gwada.