Filin Shawarwari: An Tozarta Ni a Ɗakin Malamai Saboda Insha'in Ɗalibaina



Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati. Na daɗe a wannan aiki, har wasu da na koyar sun dawo muna koyarwa tare. Na rubuto maka ne raina a ɓace, don abin da aka yi mini ya hana ni sukuni.

A jarrabawar zangon da ya wuce na ba 'yan aji biyu na babbar sakandare insha'in muhawara a kan ko wayar salula ta fi cutar da ɗalibi ko ta fi amfanarsa. Duk sun ci, babu wadda ta faɗi. Ranar taron malamai sai mataimakin shugabar makaranta ya ɗauko takardun, ya zaro uku ya karanta a jere da ƙarfi. Da ya gama sai ya cire tabarau ya ce, "Wannan ai ra'ayin Malama ne, yara suka taya ta kwafa." Aka kwashe da dariya, har da yaran nan masu hidimar ƙasa, waɗanda na haifi kamarsu.

Malam, ni ce na tsaya a gaban allo na rubuta musu samfuri tun daga gabatarwa har kammalawa, da allin da na saya da kuɗina. Ba don ni ba, da farar takarda za su miƙa. Yaran yanzu ba sa karatu, ka tambaye su ra'ayi su sunkuyar da kai. Shin laifi ne don na taimake su? In ma laifi ne, ba shi da ofis da zai kira ni? Sai a gaban yara ƙanana? Tun ranar ban sake zama a ɗakin malamai ba, a aji nake cin abincina. Shi kuwa ko a jikinsa, har gaishe ni yake yi kamar ba abin da ya faru.

Ka ba ni shawara: in rubuta takardar ƙorafi zuwa ofishin shiyya, ko in nemi canjin wurin aiki? Na gaji da yin aiki inda ba a san darajar mutum ba.

Malamar Hausa, daga Jihar Katsina

Malama, na ga wasiƙarki. Allah ya huci zuciyarki.

Mataimakin nan bai kyauta ba. Mai son gyara abokin aiki gefe yake jan sa, balle wadda ta girme wa rabin mutanen ɗakin. Ki same shi ku biyu, ki faɗa masa hakan cikin mutunci, sannan ki koma kujerarki a ɗakin malamai. Batun ƙorafi da canjin makaranta kuwa, ba zan ɓata tawada a kai ba.

Jimla ɗaya ce ta tsayar da ni a wasiƙarki, inda kika ce ba don ke ba da farar takarda za su miƙa. Malama, ki yi haƙuri da ni, nan ciwon yake. Kin ba ni labarin tabarau da dariya da alli, amma ba ki ambaci littafi ko ɗaya da kuka karanta tare da yaran nan a zangon ba. Ba ki kuma gaya mini ko akwai ranar da wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta saɓa miki ba, da abin da kika yi mata. Tambayar da ta kamata ki yi ita ce: me ya sa yarinyar da za ta kwashe awa guda tana gardama a ɗakin kwana kan wani fim na Kannywood, ta kawo hujja ta kare jaruminta, take zama kurma da zarar ta shigo ajinki?

Ba na karɓar zancen cewa yaran yanzu ba su da ra'ayi. Mun raine su a kan cewa yaro ba ya musu da babba, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma sai muka ƙi nuna musu bambancin rashin kunya da kawo dalili. Sannan muka rubuta musu amsa a allo, muka ba da maki ga wadda ta fi hadda. Wace yarinya ce za ta bar hanyar da ke kawo maki ta bi wadda ke jawo tsawa? Ga shi kuma mai tsara tambayar WAEC ko NECO bai san allonki ba. Ranar da batun ya sauya, samfurin ba zai bi su zauren jarrabawa ba.

Ra'ayi daga karatu yake tsirowa, kuma mu Hausawa ba mu rasa abin karantawa ba. Ko kwafi ɗaya gare ki na Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar rubutu ta 1933, ya wadatar. Ki karanta musu babi guda da murya, ki ba wasu su karɓa. Maimakon ki tsaya a tambayoyin auna fahimta irin na "wane ne ya je ina", ki jefa musu mai fuska biyu: tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, wa ya fi cutar wani? A Magana Jari Ce, da aku ya riƙa tsare Musa da labarai don kada ya fita, amana ya riƙe ko yaudara ya yi? A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwar da ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu bauta, ta yi daidai? Waɗannan tambayoyi ba su da amsa a bayan littafi, don haka dole yarinya ta nemo tata.

Ki raba ajin gida biyu, su fara da baki kafin biro. Sharaɗi ɗaya ne: duk wadda ta ce "a ganina" sai ta biyo da "saboda", ta kuma nuna wurin da abin ya faru a labarin. Ke kuma ki kame bakinki. Wannan shi ne mafi wuya ga tsohon malami, domin da zarar sun gane inda kika karkata, can za su tattaru gaba ɗaya.

Sai an yi wannan ne za a ɗauki biro, kuma sakin layi ɗaya tak: matsayina, dalilina, hujjata daga littafi, abin da mai ja da ni zai ce, da amsar da zan ba shi. A zubin farko kada ki cika takarda da jan biro saboda an bar lanƙwasar ƙ ko ɗ. Ki fara duba ko akwai tunani. Ƙa'idojin rubutu da raba kalmomi su zo a zubi na biyu, kuma a nan kada ki sassauta. In ajin ya yi yawa, ki duba na wasu a wannan mako, na wasu a mako mai zuwa, ki karanta biyu masu saɓa wa juna a gaban aji, ki yaba wa kowacce a kan hujjarta. Daga baya ki kawo musu sharhin jaridar Aminiya su rubuta martani. Ki gaya musu cewa tun da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Hausawa suke aika wasiƙun ra'ayinsu ana bugawa, su san gadonsu ne.

Ina gaya miki tun yanzu, rubutun farko zai fito a karkace, gajere, cike da kurakurai, kuma makin wasu zai sauka a jarrabawa mai zuwa. Ki daure, kada ki koma ga samfuri. Layi biyar da yarinya ta haifa da kanta sun fi mata amfani a kan shafi biyu na aro, don da su za ta iya rubuta na shida ranar da ba kya kusa.

Allah ya yi miki jagora, ya sa wa ɗalibanki albarka.