Alamar Kasuwanci: Kare Sunan Manhajarka Kafin Wani Ya Riga Ka

Darasinmu na yau na masu ƙirƙirar manhaja ne, da masu sayar da kaya a Instagram da TikTok.

Alamar kasuwanci ita ce suna ko tambarin da ke bambanta kayanka da na wasu, kamar tuffar Apple mai cizo. Ba ta kare ainihin rubutun manhajarka, wannan aikin dokar haƙƙin mallaka ne.

Da yawa daga cikinmu suna ɗauka da zarar an karɓi takardar CAC an gama. CAC sunan kamfani ko shago take yi wa rajista. Alamar kasuwanci ofishinta daban, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja. Kana riƙe da takardar CAC wani zai iya yin rajistar sunan a can, sannan ya kai ƙorafi ga Google a sauke manhajarka daga Play Store. Ko manya ba su tsira ba: a 2012 Apple ya biya kamfanin Proview dala miliyan 60 kafin ya mallaki sunan iPad a ƙasar Sin.

Ana yin rajista ne a rukuni-rukuni, guda 45. Manhajar da ake saukewa a waya tana rukuni na 9, wadda ake amfani da ita kai tsaye a intanet tana na 42, tufafi kuma na 25. Rukunin da ka biya shi ne naka, don haka ka zaɓa da lura.

Da farko a bincika ko wani ya riga ka. Sai a shigar da takardu, yawanci ta hannun lauya ko wakili. Idan an amince, a buga sunan a mujallar ofishin, mai ja yana da wata 2 ya fito. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma duk shekara 14.

Shawarata, guji suna irin "Data Mai Araha". Bayani ne kawai, kowa na da ikon faɗinsa, kuma da wuya a ba ka shi.

Kana iya sa ™ tun kafin rajista, amma ® sai bayan ta fito. Rajistar Najeriya a Najeriya kaɗai take aiki. 'Yan'uwanmu na Nijar, Chadi da Kamaru ta hukumar OAPI da ke Yawunde suke bi, rajista ɗaya ta shekara 10 ta isar musu ƙasashe 17.