Ajin Ƙanana Kafin Firamare

A ƙauyukan Batsari da Safana, yaro ɗan shekara huɗu yakan wuni yana bin yayarsa talla. Ran da aka kai shi aji ɗaya, ko fensir bai taɓa riƙewa ba. Karatu ya yi masa nauyi, wani ma ya gudu.

Talakawan Musulmi na Mombasa, a ƙasar Kenya, sun sha fama da wannan. A 1986, da taimakon Gidauniyar Aga Khan, suka buɗe aji ɗaya tak na ƙananan yara a wani masallaci. Ana koya musu addini da ƙirga da haruffa cikin wasa. Kayan koyarwa kuwa na tsintuwa ne, irin su marafan kwalba da kwali. Unguwa ke ba da ɗaki, ta zaɓi mace daga cikinta, a koya mata aikin. Shirin ya kai Zanzibar a 1990, ya kai Uganda a 1993.

A nan Nijeriya, manufar ilimi ta 2013 ta tanadi shekara ɗaya kyauta kafin aji ɗaya a firamaren gwamnati. Iyaye su je su tambayi hedimasta ko an buɗe ajin. In babu, a tayar da maganar a taron iyaye da malamai.