IDON BATIR: YADDA HASKE KE NUNA LAFIYARSA

Birnin Jos yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, saboda haka sanyin hunturu yakan tsananta a watannin Disamba da Janairu. Sanyi kuwa yana rage ƙarfin batir. Shi ya sa mota kan ƙi tashi da asuba, fitilar sola kuma ta mutu tun dare bai raba ba.

Yadda idon yake aiki

Batir mai bolt 12 ɗakuna shida gare shi, kowanne da farantan dalma cikin ruwan batir. Idan caji ya cika, ruwan yakan yi nauyin kimanin 1.27 bisa na ruwan sha. Idan ya ƙare, sai ya sauka wajen 1.12.

A kan batura da yawa akwai wata 'yar taga da ake kira ido. Ƙarƙashinta akwai sanda mai garai-garai da ta nutse cikin ruwan, da ƙaramar ƙwallo koriya. Muddin ruwan yana da nauyi, ƙwallon za ta taso, haske ya kawo launinta ga mai dubawa.

Kore: caji ya wadata.
Baƙi: ƙwallon ta nutse, a kai caji.
Fari: ruwa ya ja baya. Kada a yi caji, a kai wa gwani.

Wasu kamfanoni sukan sauya launukan, don haka a karanta bayanin da ke jikin batir. A kuma sani cewa ɗaki ɗaya kaɗai idon yake gani, sauran biyar sai an auna su.

Ci gaban bincike

Baturan litiyam na waya da sola ba su da irin wannan ido. A shekarar 2020 masana a Collège de France da ke Faris suka bayyana yadda suka sa zaren gilashi, siriri kamar gashi, cikin batir. Ana aika haske ta zaren, launin da ya dawo kuwa yakan sauya idan cikin ya yi zafi ko ya matsu. Ta haka ake gane lahani kafin ya kai ga gobara.

Gargaɗi

Jama'a, a riƙa duba ido kafin shigowar sanyi. Kada a haska shi da ashana, domin iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta. Kada kuma a fasa tsohon batir a gida, gubar dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Rigakafi ya fi magani.