Keke a Hanyar Burji: Abin da Ke Faruwa Ƙarƙashin Taya da Cikin Jikin Mahayi

Duk wanda ya bar Kano ya bi ta Wudil ya isa Gaya, sannan ya sauka daga kan kwalta ya nufi ƙauyuka irin su Kademi, ko ya yi arewa zuwa ƙasar Ajingi wajen su Toranke da Balare, zai tarar da hanyoyin da mota ba ta cika bi ba. Akwai hanyar burji mai jar ƙasa, akwai turba tsakanin gonaki, akwai kuma burtalin shanu. Babur ya yi yawa a yanzu, amma har yau ana gamuwa da manomi ya ɗaure buhun gero a kariyar kekensa, ko ɗalibi yana sauri kada a kaɗa ƙararrawa bai iso ba.

Abin mamaki, wannan tafiya da mutumin karkara yake yi don larura ta zama wasan motsa jiki mai tashe a ƙasashen Turai da Amurka. Mutane sun gaji da gurnanin motoci da haɗarinsu, sai suka koma neman hanyoyin tsakuwa na cikin daji da gonaki. A shekarar 2006 aka fara wata tseren keke ta mil 200 a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, wadda a yau ake kira Unbound Gravel, kuma a 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere a ƙasar Italiya. Kekunan da suke hawa suna da tsada ƙwarai, amma faɗin tayarsu yakan kama daga milimita 35 zuwa 50. Tayar tsohon keken Raleigh, wanda har masana'antarsa aka taɓa yi a Kano, faɗinta inci ɗaya da rabi ne, wato kimanin milimita 38. Ashe keken da ke jingine a zauren mai unguwa ya riga su sanin hanya.

Taya da ƙasa

Jan launin burji daga ƙarfen da ke cikin marmara yake, wanda ya haɗu da iskar oksijin ya zama tsatsa. Idan aka daɓe shi yakan yi tauri, keke ya yi ta gudu a kai ba wahala, sai dai inda tayoyin motoci suka mayar da shi gargada. Matsalar wannan yanki ita ce rairayi, domin ƙasar gabashin Kano jigawa ce. Da zarar taya ta shiga rairayi sai ta nutse, ta tara ɗan tudu a gabanta, mahayi kuma ya yi ta hawan wannan tudu da ba ya ƙarewa. Ƙarfin da ya kamata ya kai shi gaba yana tafiya ne wajen ture yashi.

Maganin wannan yana jikin raƙumi. Tafin ƙafarsa faffaɗa ne mai taushi, yana bajewa idan ya taka, saboda haka nauyinsa yana rarrabuwa a kan fili mai faɗi, ba ya nutsewa kamar yadda kofaton jaki yake yi. Haka taya take. Idan aka cika ta da iska ta yi tauri kamar dutse, ɗan wuri kaɗan ne yake taɓa ƙasa, sai ta yanki rairayi kamar wuƙa. Idan aka ɗan rage iskar sai ta baje, ta hau kan yashin, ta kuma shanye girgizar gargada maimakon ta miƙa ta ga hannuwa da ƙugun mahayi. Yawancin yara sun ɗauka cewa taurin taya shi ne gudu. A kan kwalta mai santsi suna da 'yar gaskiya, a turbar gona kuwa sun yi kuskure. To amma ragewar tana da iyaka: idan iska ta yi ƙaranci, dutse zai matse robar ciki a jikin ƙarfen ƙafar keken, ya bar huda biyu kusa da juna kamar saran maciji. Masu faci sun san wannan huda da gani.

Ita kanta taya mai iska ba da ita aka fara keke ba. A 1885 John Kemp Starley ya ƙera keke mai ƙafafu biyu kusan daidai da juna da sarƙa, a birnin Coventry na Ingila. Shekara uku bayan haka, a 1888, wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya haɗa taya mai iska a Belfast, don ɗansa ya daina shan jijjiga a kan hanya mai duwatsu. Bai yi lissafin ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba, balle tsidau, wanda 'ya'yansa ko ta yaya suka faɗi sai wani tsini ya kalli sama. Wannan dabarar tsiron ce ta yaɗa irinsa a jikin kofaton dabba, kuma bai bambanta kofato da taya ba.

Injin da ke bisa sirdi

A 1973 wani injiniya mai suna S. S. Wilson ya nuna a mujallar Scientific American cewa mai keke yana kashe kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kuzarin da mai tafiya a ƙasa yake kashewa a nisa iri ɗaya. Dalili kuwa shi ne mai tafiya yana ɗaga jikinsa yana saukewa a kowane taku, shi kuwa mai keke sirdi ne ke ɗauke da nauyinsa, aikin ƙafafunsa turawa kawai. Wannan lissafi na hanya mai kyau ne. Rairayi yana cinye ribar, shi ya sa wani lokaci sauka a tura keken ya fi hikima.

Tsokar cinya da ta sha-raɓa suna samun kuzari ne ta hanyar ƙona sukarin gulukos da kitse da taimakon oksijin. Jiki yana ajiye sukarin a cikin tsoka da hanta da siffar gilaikojin, wajen giram 400 zuwa 500 a jikin baligi, abin da aiki mai tsanani zai iya cinyewa cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ɗalibin da ya fito ba karin kumallo ya riga ya kashe wani ɓangare na ajiyar hantarsa cikin dare, don haka ba abin mamaki ba ne ya isa aji yana gyangyaɗi. Koko da ƙosai, ko fura, ko ɗumamen tuwo sun wadatar. Zuciya kuwa, wadda take tura kimanin lita 5 na jini a minti ɗaya idan mutum yana hutawa, tana iya kai wa lita 20 idan tafiya ta yi zafi. Maimaita wannan kullum yana ƙarfafa ta, har bugunta na lokacin hutu ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yara daga shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, kuma mai zuwa makaranta daga ƙauye a keke yakan cika wannan bai ma sani ba.

Zafi

A nan ne haɗarin yake. Daga cikin kuzarin da tsoka take ƙonawa, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne kawai yake juya feda, sauran duk zafi ne da dole jiki ya fitar. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana a ƙasar Kano yake kai awu 40 a ma'aunin Salshiyas, iska ta fi fatar mutum zafi, saboda haka babu hanyar sanyaya jiki sai bushewar gumi. Lita guda ta gumi idan ta bushe tana tafiya da kimanin kilokalori 580 na zafi, kuma mai tuƙi cikin rana yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a awa guda. A kan burji mai tauri iskar gudu tana taimaka wa bushewar. A cikin rairayi kuwa aiki yana ƙaruwa, gudu yana raguwa, iska ta ɗauke, wato jiki yana ƙara samar da zafi daidai lokacin da ya fi kasa fitar da shi. Da rani gumi yana bushewa nan take, mutum ya zaci bai yi gumi ba, sai dai ya ga farin gishiri a rigarsa.

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, murɗewar tsoka da fitsari kaɗan mai duhun launi. Wanda ya ji haka ya sauka, ya nemi inuwa, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan. Idan da hali a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan kuwa ya fara ruɗewa ko sambatu, abin ya wuce gajiya: a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti, domin zafin cikin jiki idan ya haura awu 40 yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Malamai su lura musamman da yara masu ciwon sikila, waɗanda ƙarancin ruwa a jiki yake iya tayar musu da ciwo. Mai azumi kuma ya yi tafiyarsa da sanyin safiya.

Inuwa ba ta wuyar samu a gonakin Gaya da Ajingi, domin manoma ba su sare tsamiya da ɗorawa da kanya ba. Gawo ya fi su ban sha'awa: yana kaɗe ganyensa da damina, ya bar hatsin da ke ƙarƙashinsa ya sha rana, sannan ya yi kore shar da rani lokacin da kuka ta tsaya tsirara. Mahayin da ya san itatuwan hanyarsa ya san inda zai huta a kowane wata.

Gwaji a filin makaranta

Malami na iya nuna yawancin wannan da keke ɗaya da agogo. A shafa alli a taya, a tura keken har allin ya sake taɓa ƙasa, a auna tazarar. A ƙafa mai inci 28 za a sami kimanin mita 2.2. A ƙirga haƙoran faifan sarƙa na gaba da na baya. Idan na gaba 44 ne na baya 20, to juyin feda ɗaya yana juya ƙafar baya sau 2.2, keken ya ci kusan mita 5. Daga nan ɗalibi mai lafiya ya ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu, ya tuƙa na minti uku a ƙasa mai tauri ya sake ƙirgawa. Bayan ya huta sai ya maimaita a cikin rairayi, da taya mai tauri, sannan da wadda aka ɗan rage wa iska, yana ƙoƙarin riƙe gudu iri ɗaya. A rubuta lambobin a allo, a bar 'yan aji su yi gardama a kan dalilin bambancinsu. A yi gwajin kafin hantsi, a kuma ajiye famfo da butar ruwa a kusa.